Taƙaitawar shawarwari kan karafan na mata da miji a Birtaniya

Jama'a, ga abin da na tsinta daga doguwar tattaunawarmu kan karafan, wato ɗakin da ake ja da mota, mai wurin kwanan mutum biyu.

1. Kusan kowa ya ce a fara duba nauyi. Ga sabon shiga, kada nauyin karafan da kayansa ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar. Tun Disambar 2021 lasin mota ya wadatar a ja har kilo 3,500 a Ingila, amma da yawa sun ce a je a koyi ja da baya tukuna.

2. Gado ne ya raba kawuna. Wasu sun fi son kafaffen gado, don sun gaji da haɗa kujerun gaba su zama gado kullum dare, da safe kuma a naɗe bargo a tura ƙarƙashin kujera. Wasu suka ce kafaffen gado yana cinye falo, kuma ranar da ruwan sama ya tsare ku a ciki za ku ji ƙunci. Ni ma nan na karkata, musamman ga mai neman wurin shimfiɗa darduma.

3. Idan na hannu ne, danshi shi ne babban abin tsoro. A sa na'urar auna danshi a gwada kusurwoyi da gefen tagogi, a duba rajistar CRiS, wato kundin rajistar karafan na Birtaniya.

4. Iyakar gudu idan ana jan karafan: mil 60 a awa a babbar hanya mai tagwayen tituna, 50 a wadda ba a raba ta biyu ba.

5. Tsakanin kamfanonin ƙera karafan na Swift da Bailey ba a cimma matsaya ba.