Wace kalma za mu sa wa quorum a gungun kwamfutoci?

Daga Zango: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirya darasin Proxmox (manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa cikin inji guda, tana kuma haɗa injuna su yi aiki tare) da Hausa saboda yaran da ke koyon aiki nan Damagaram, sai quorum ta tsaya mini a wuya. Cluster na ce gungu, node kuma, wato kowace kwamfuta a cikin gungun, mamba. Ga abin da nake son kalmar ta ɗauka: kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, kuma gungu ba ya taɓa bayanai sai waɗanda ke jin juna sun haura rabi. Mamba 3 ana neman 2, mamba 5 ana neman 3. In ce rinjaye?

Daga Birni: Wa alaikumus salam Malam. Rinjaye ba ta cika ba. A ce mamba 7 ne, waya ta katse, suka tsage 3, 2, 2. Masu 3 sun rinjayi kowa, amma 4 ake nema, don haka duka sai su tsaya. Dalilin dokar ke nan: kada ɓangare biyu su rubuta a faifai ɗaya kowa na ganin shi ne mai iko. Wannan cutar kam sunanta na nan tun tuni, rabuwar kai.

Daga Garin Malam: Ku ce nisabi mana. Tumaki 39 ba zakka, su cika 40 ta wajaba. Larabawa ma nisabi suke cewa in majalisa ta cika adadin zama.

Daga Birni: Allah gafarta Malam, 40 ɗin ba ya motsi, adadin quorum kuwa yana bin yawan mambobi. Corosync, manhajar da ke ƙirga ƙuri'un gungu, daga expected_votes, wato jimillar ƙuri'un da ake sa ran samu, yake lissafa shi. Ka ƙara mamba na huɗu a kan 3, adadin da ake nema ya tashi daga 2 ya koma 3, kuma har yanzu mutuwar ɗaya kaɗai za ka iya jurewa. Kuɗin injin sun tafi a banza.

Daga Garin Malam: To ai kowace dukiya da nata nisabin, ƙanena. Raƙuma 5, shanu 30. Kowane gungu ma da nasa.

Daga Zango: Na karɓa, zan rubuta nisabin ƙuri'a. Saura masu kwamfuta biyu rak, waɗanda su suka fi yawa a nan: ko su sa two_node, saitin da ke barin ɗaya ta ci gaba da aiki in ɗayar ta mutu, wanda ke kunna wait_for_all (jiran a ga duka mambobi kafin a fara aiki) da kansa, ko su kawo QDevice, wata na'ura daga wajen gungun, ta ba da ƙuri'a ta uku. Ita na sa mata mai raba gardama, sai in wani ya zo da wadda ta fi.