Birkin Hilux ya yi laushi, an canza masta amma bai gyaru ba

Mai Akori-kura:
Assalamu alaikum masana. Hilux ce ta dizal, injin 5L, marar ABS (na'urar hana taya cijewa wajen taka birki), faifai a gaba, ganga a baya, kuma kusan kullum da lodi take. Birkin ya koma kamar ana taka soso. Takun farko sai ya kusa kai ƙasa, in an buga sau biyu ko uku ya taso, amma ko ya taso ba ya tauri yadda ya kamata. An sa kalifa (abin da ke matse faifan birki) biyu 'yan Kwatano, an sa sabon masta (famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi), an fitar da iska sau uku a duk tayoyin huɗu. Man birki ba ya raguwa a kofin masta. An kuma taɓa ƙara mata sifirin a baya. Yanzu ana cewa in sayi sabo (servo, wato tulun da ke ƙara wa takun birki ƙarfi). Me ya kamata a duba kafin a sake kashe kuɗi?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam Malam. Ajiye kuɗinka, ba sabo ba ne. Sabo in ya mutu, birki tauri yake yi kamar dutse. Ga yadda za ka tabbatar: ka kashe mota, ka buga birki sau biyar har iskar sabon ta ƙare, ka riƙe ƙafarka a kai, ka tayar. In feda ta ɗan sauka kaɗan da tashin injin, sabo da famfon da ke zuƙe masa iska lafiya lau suke.

Daga nan sai ka saurari abin da ƙafarka ke gaya maka. In ka danne ka riƙe na rabin minti, feda tana sulalewa ƙasa a hankali kuma babu yoyo a ko'ina, to robar cikin masta ce ke barin mai ya koma baya. In ka buga ta taso ta tsaya daram, wannan nisa ne tsakanin lainin da ganga. In ta taso amma har yanzu tana lotsawa, iska ce ko tiyo mai kumbura. Bayaninka ya fi kama da biyun ƙarshe a haɗe.

Maimakon canke-canke, a raba gardama da tiyo. Tiyon roba na birki ɗaya ne a kowace tayar gaba, sai wanda ya sauka kan gatarin baya. A matse su duka, a taka. In feda ta tsaya sama da tauri, masta ya fita daga zargi. Sai a riƙa saki ɗaya bayan ɗaya ana takawa. Wanda aka saki feda ta faɗi, to matsalar tana wannan ɓangaren. In kuwa duk a matse suke amma laushin na nan, iska ce a cikin masta ko a layin da ke kafin tiyon. Sabon masta ana cire masa iska tun a kan benci kafin a ɗaura shi, a cika kofi, a mayar da ƙananan tiyo daga bakinsa zuwa cikin kofin, a riƙa tura fistan a hankali har kumfa ta ƙare. Da yawa ba sa yin haka, sai a yi ta bin tayoyi a banza.

Mai Sifana Goma:
Oga ya faɗi gaskiya, sai dai a kula wajen matse tiyon. Kada a sa filaya mai haƙori kai tsaye, tana yanka zaren cikin tiyo a bar ka da sabuwar matsala. A nemi maɗauri mai santsin baki, kuma a matse daidai yadda mai ba zai wuce ba kawai.

Abu biyu nake zargi a motarka, Malam. Na farko kalifan nan. Na dama da na hagu suna iya shiga wurin juna, noti ya ɗauru lafiya, amma bakin fitar da iska ya koma ƙasa. Iska sama take taruwa, don haka ko galan guda na mai za a zuba ba za ta fita ba. Leƙa ka gani: dole bakin ya kasance a saman kalifa. In yana ƙasa, a musanya su.

Na biyu, ka ce tayoyi huɗu. Hilux marar ABS tana da wuri na biyar, wato bawul ɗin lodi da ke maƙale a jikin shasi a baya, mai dogon ƙarfe da ya haɗu da gatari. Yana da nasa bakin iska, kuma shi aka fi mantawa. A stiyarin hagu, a fara da bayan dama, sai bayan hagu, gaban dama, gaban hagu, a ƙare da bawul ɗin. A yi aikin nauyin mota na kan gatari, domin in aka ɗaga shasi gatarin ya rataya, bawul ɗin zai rage man da ke zuwa baya.

Wajen fitarwar: a sa siririn tiyo mai garai-garai a bakin, ƙarshensa cikin kwalba mai ɗan mai. Mutum ɗaya ya taka a hankali ya riƙe, ɗayan ya buɗe rubu'in zagaye, ya rufe tun kafin a saki feda. A sa katako a ƙarƙashin feda kada ta kai ƙasa. Kofi kuma kada ya sauka ƙasa da rabi, in ya zuƙi iska an koma farko. A tanadi lita ɗaya.

Ƙarin sifirin ɗin ma yana da hannu. Ya ɗaga bayan motar, bawul ɗin yana ganin kamar babu kaya ko da an loda, sai ya hana baya ƙarfin birki. Wannan ba ya kawo laushi, amma yana sa gaba ya ɗauki duk aikin ya yi zafi. A sake saita ƙarfen daidai da tsayin da aka ƙara.

Baban Gareji:
Ni da gangar baya zan fara, don ba ta cin ko sisi. Ja birkin hannu ka taka feda. In ta taso fiye da da, lainin ya yi nisa da ganga. A cire gangar, a wanke ajasta in ta cije, a ɗaga robar wil silinda (fistan da ke tura lainin) a ga ko da danshin mai a ciki. A saita har lainin ya fara taɓa ganga, sannan a ɗan sassauta taya ta juya ba riƙewa. Iyakar faɗin ganga a rubuce take a jikinta. In an ci ta wuce wannan, saiti ba zai riƙe ba, canji ne.

A girgiza tayar gaba sama da ƙasa kuma. Boris mai wasa yana sa faifai ya mayar da fistan kalifa ciki a kan hanya, sai takun farko ya tafi a banza.

Sai man kansa. Man birki nau'in DOT 3, in sabo ne, yana tafasa ne a digiri 205 na Celsius, in ya sha danshi ya faɗo wajen 140. DOT 4 kuma 230 ne da 155. Mota da lodi a doguwar gangara tana iya tafasa tsohon mai a kalifa, feda ta tafi ƙasa gaba ɗaya. A canza shi duk shekara biyu, daga gwangwani rufaffe. Ana iya haɗa DOT 3 da DOT 4, amma ban da DOT 5. Kuma don Allah a duba robar murfin kofi. In ta kumbura ta yi laushi, an taɓa zuba man inji ko na fawa stiyari a ciki. In haka ne, sabon mastan ma ya tafi, kuma sai an canza duk wata roba: tiyo, robar kalifa, wil silinda da bawul ɗin lodi, a wanke layukan ƙarfe tas kafin a zuba sabon mai. Kafin a gama wannan aikin, kada motar ta hau titi da kaya.