"Ramuwar gayya ta fi gayya zafi": yabo ne ko gargaɗi?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum. Wannan magana ta fito jiya a rigimar maƙwabtanmu. Wani yaro ɗan aji biyu ya daɗe 'yan manyan aji suna ƙwace masa kuɗin tara suna sa shi tsallen kwaɗo, har ya gaji ya gaya wa yayansa, shi kuwa ya kwaso abokansa 'yan daba suka tare su a ƙofar makaranta da gora da wuƙa. Yanzu ɗaya yana asibiti, 'yan unguwarsu kuma sun rantse sai sun rama. A wurin sulhu uwar ɗan aji biyun ta faɗi wannan karin magana, na kasa gane daɗi ta ji ko tsoro.

Malama Bazazzagiya: Wa alaikumus salam. Ni gargaɗi nake ɗaukarta, ana ja wa mai cin zali kunne ne tun kafin ya fara. Laifinmu malamai shi ne muna kiran abin wasan yara, alhali yaron da bai sami mai share masa hawaye a makaranta ba, a lungu zai nemo shi.

Bagwambe: Malama, ku ƙara da masu saya wa 'yan daba ƙwaya. Mu a Gombe tun zaɓen 2003 muke fama da Kalare, Bauchi da Sara-suka. Mai girman da ke raba musu kuɗi daren zaɓe, nasa 'ya'yan suna karatu a Ingila, ko tsallen kwaɗo ba su sani ba.

Jikar Inna: Kakata, Allah Ya jiƙanta, ta tsani wannan magana. Ta ba mu labarin ƙanenta da wani gardi yake ƙwace wa ɗumame kullum a makarantar allo. Yayyensa suka ɗauki sanduna, mahaifinsu ya tsaya a zaure ya ce duk wanda ya fita kada ya dawo. Washegari ya aika aka kira gardin, ya sa aka zubo masa tuwo da man shanu, ya zauna har ya cinye, sannan ya kama hannun yaron ya damƙa masa, ya ce daga yau amanarsa ce. Inna ta ce gardin kuka ya yi, kuma shi ya riƙa rako yaron gida har ya sauke. Ta kan ce ramuwa bashi ce, ƙannenka ake bi.

Badamagare: Allah Ya jiƙan Inna, amma wancan gardin yunwa ce ta dame shi. Samarin palais, wato ƙungiyoyin 'yan daba, na unguwar Kara-Kara a nan Damagaram, tuwon rana ɗaya ba zai sa su ajiye adda ba.

Malama Bazazzagiya: Ai dattijon ma ramawa ya yi, da kunya ya rama, kuma ta fi sanda zafi.

Jikar Inna: A'a Malama, Inna ba ta taɓa kiran abin ramuwa ba.

Ɗan Kurna: Mai unguwa ya sake kiran zama bayan la'asar, amma yayan yaron tun daren jiya ba a san inda ya kwana ba.