Wane suna za mu raɗa wa saƙar "kwantinental"?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu saƙa. Duk mai kwarashi da ta fara koyon saƙa da kibiya biyu ta bidiyon YouTube ta ci karo da kalmar nan "kwantinental". Ina so mu samo mata sunan da za a iya faɗa wa ɗaliba a tsakar gida ta gane.

Ga abin da ake nufi. Riƙon zare a saƙar kibiya iri biyu ne suka fi yaɗuwa. A na Ingila, zaren ulu na hannun dama, kuma kowane madauki sai hannun ya tashi ya naɗa zaren a kan kibiya. A ɗayan kuwa, wato kwantinental, zaren na ɗame a kan manuniyar hagu, bakin kibiyar dama ne ke shiga madauki ya ɗauko shi. Mai kwarashi ta riga ta saba da wannan riƙon, yatsunta sun san yadda ake sassauta zare da ɗame shi, shi ya sa salon ke yi mata sauƙi.

An ce mu kira shi "saƙar nahiya", tunda daga kalmar Turanci ta nahiya aka samo "kwantinental". Ban yarda ba. Mutanen Ingila ne, daga tsibirinsu, ke ce wa sauran Turai "nahiya". Mu in an ce nahiya, Afirka ce ke zuwa mana a rai.

Wata Hajiya mai koyar da saƙa ta kawo "saƙar Jamus", kuma Hajiya tana da hujja, domin Turawan ma sun daɗe suna kiransa haka. Saboda wannan alaƙa ce ma farin jininsa ya ragu a Ingila da Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har Elizabeth Zimmermann, malamar saƙa haifaffiyar Ingila da ta koma Amurka a 1937, ta taimaka wajen dawo da shi. To amma matan Norway da Rasha ma zarensu a hagu yake, Faransawa kuma Suwizalan suke jingina wa salon. Sunan ƙasa ba ya gaya wa mai koyo abin da hannunta zai yi.

"Saƙar hagu" ta fi kusa, sai dai tana da hatsari. Za a ɗauka ta bahaguwa ce, alhali kibiyar dama ce ke yawancin aikin. Bahaguwar da ke saƙa daga ɗaya ɓangaren ita ta fi cancantar wannan suna, mu bar mata.

Nawa zaɓin shi ne "saƙar zaƙulo", na Ingila kuma "saƙar naɗi". Bakin kibiya na kutsawa cikin madauki ya zaƙulo zare, kamar yadda kan kwarashi ke yi, illa dai ita kibiya ba ta da ƙugiya. In na ce wa yarinya "zaƙulo shi", ta san motsin tun kafin in nuna mata.

Sunan kuma zai taimaka wajen gyara kuskuren da ya fi damun masu kwarashi. Yadda muke ɗora zare a kan kwarashi akasin yadda ake ɗauko shi ne a saƙar kibiya irin ta Turai. Hannu kan koma ga sabonsa, madauki ya zauna a juye, in aka shiga shi ta gaba a layi na biye sai ya murɗe, saƙar ta yi tauri ta ƙi miƙewa. Hular jariri kuwa dole ta miƙe. Malama na iya cewa "kin zaƙulo ta baibai", magana ta ƙare.

Saura guda. Madauki iri biyu ne, wanda ake yi zare na bayan saƙa da wanda sai an dawo da zaren gaba. Na biyun ne ke wahalar da mai zaƙulo, har mutanen Norway suka samo dabarar yin sa ba tare da dawo da zaren ba. Ni na farkon "na fuska" nake ce masa, na biyun kuma "na baya". Iyayenmu da suka daɗe a sana'ar, da 'yan uwa na Maraɗi da Damagaram, me kuke kiransu?