Tazara biyu sun shiga juna, shikenan ba bambanci?

Malamin Lissafi: Jama'a ni ina nan kan bakata, koyarwa a allo da aikin rukuni ba su da bambanci. A ce aji ɗaya bayani a allo aka yi musu, matsakaicin makinsu 62, ɗayan aikin rukuni suka yi suka samu 68, kowanne kuskuren ƙiyasinsa, wato ma'aunin yadda matsakaicin makin zai iya kauce wa na ainihi, 2 ne. Tazarar tabbaci ta kashi 95, wato iyakokin da ake ƙiyasta ainihin matsakaicin yana tsakaninsu, na farko 58 zuwa 66, na biyu 64 zuwa 72. Sun shiga juna, to ba wani bambanci, duk ɗaya ne.

Malamar Ƙididdiga: A'a Malam, ba a ajiye tazara biyu gefe da gefe a auna da ido. Tambayarka kan bambancin ce, to shi bambancin za ka yi wa tazara. Bambanci 6 ne ko? Kuskuren ƙiyasin kowane aji ka ninka shi da kansa, 2 sau 2 ka tara da 2 sau 2 ya ba ka 8, sikwaya rut ɗinsa, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 8, kusan 2.8, ka ninka da 1.96, lambar da ake amfani da ita don kashi 95, ka samu wajen 5.5, ka cire ta daga 6 ka kuma tara ta da 6, kenan daga 0.5 zuwa 11.5 kuma sifili baya ciki, wato akwai alamar bambanci. Da lambobinka fa na yi.

Malamin Lissafi: To Malama rabin maki ɗin ne zai sa in canza yadda nake koyarwa?

Malamar Ƙididdiga: Yanzu ka zo. Amma wannan wata magana ce daban, tazarar cewa take ribar za ta iya zama rabin maki, za ta iya haura 11, faɗinta ya yi yawa. Yara huɗu a madadin kowane ɗaya kake buƙata kafin ta ragu zuwa rabi.

Ɗalibi: Malama kenan kashi 95 muna da tabbacin gaskiyar tana ciki?

Malamar Ƙididdiga: Ba daidai haka ba ƙanena. Yadda masanin ƙididdiga Neyman ya tsara ta a 1937, in aka yi ta maimaita gwajin, wajen 95 cikin tazara 100 za su kama ainihin bambancin.

Tsohon Hedimasta: Ku duka kun manta abu ɗaya, aji biyu malamai biyu ne. In malamin ajin rukunin ya fi iya koyarwa ko ajinsa dama sun fi ƙoƙari, ba lissafin da zai raba maka malami da hanya. Sai azuzuwa da yawa, kuma ƙuri'a ta zaɓi wanda zai bi kowace hanya.

Malamin Lissafi: Wannan na yarda Baba. Maganar rabin maki kam har yanzu ba a gamsar da ni ba.