Ɗan tsako ɗaya, uba biyu?

Malam Bello, Mabera: Jama'a ku raba mu gardama. Na sayo zakara irin kajin nan da ake kira Noiler, na fitar da tsohon zakarana shazumama daga akurki, bayan kwana 4 na fara tara ƙwai. Kaza ta yi kwanci kwana 21, tsaki 9 sunka fito, 3 gashinsu a murɗe sak na tsohon. Ni na ce wanda ya sayar mini ya cuce ni, zakaran ba tsantsa ba ne.

Hajiya Inno, Runjin Sambo: Malam Bello, ba cuta. Tun muna yara mun san kazar da zakaru biyu sunka taka, ɗanta na ɗauko wannan ya ɗauko wancan. Ina da wani ja da baƙi, rabi da rabi, kuma zakarun nan biyu duk ina ganinsu tsakar gida.

Nasiru, Kwannawa: Hajiya, ki gafarce ni, ɗan tsako uba guda gare shi. Maniyyi da yawa na iya shiga gwaiduwa, amma ƙwaya ɗaya tak ke haɗuwa da ta uwa. Ja da baƙin nan daga uwa da uba ɗaya ma yana fitowa, har da launin kakanni da ya ɓuya. Malam Bello kuwa, matsalarka kwana 4 ɗin nan ne. Kaza na da wasu 'yan bututu cikin mahaifarta inda take adana maniyyi, yana nan da rai mako 2, wani lokaci har 3. Kullum ta saki gwaiduwa sai kaɗan ya fito ya tarye ta. Ka fitar da shazumama daga akurki, amma bai fita daga jikin kazar ba.

Hajiya Inno: To ɗana, in haka ne mi ya hana duka 9 su yi shi?

Nasiru: Zakaran da ya taka daga baya shi ya fi samun rinjaye, Hajiya. Kuma murɗaɗɗen gashi ba ya ɓuya, in ɗan tsako ya gaje shi sai an gani. Tunda sabon zakaran da kazar duk gashinsu a kwance yake, ukun nan na tsohon ne.

Alhaji Sani, Kasuwar Kara: Shekara 30 ina sayar da kaji, wannan na yarda da shi. Amma Nasiru, Noiler ɗin kansa haɗi ne, 'ya'yansa ba sa fitowa iri ɗaya ko da shi kaɗai ne a gidan. Wannan ya kamata mai sayarwa ya faɗa wa mutum.

Malam Bello: Ashe ban da hujja kan bawan Allah. Yanzu ya zan yi, Alhaji?

Alhaji Sani: Ware kazar mako 3 ba zakara, ƙwan ku soya. Sannan ka sa sabon, ka bari kwana 3, ka fara tarawa.

Hajiya Inno: Ni dai sai na ware tawa na gani da idona.