Shin siffar ƙwarangwal ta isa a raba dangin radiolariya?

Mai Guduma: Salamu alaikum. Ina nan kan bakana: ɓarnar da Ernst Haeckel, masanin halittu ɗan Jamus, ya yi wa ilimin radiolariya ta fi gyaransa yawa. Rahotonsa na 1887 kan abin da jirgin Challenger ya kwaso daga teku ya ƙunshi jinsi sama da 4,000, amma da ƙirga ya raba su: ƙwanso nawa, ƙaya nawa, yaya ramukan suke. Ina zumunta a cikin wannan lissafin?

Auta: Yaya, a tafi da mu a hankali. Su ne halittun nan masu ƙwaya ɗaya da ke yawo a ruwan teku, masu ƙwarangwal na silika, ko?

Dakta: Su ne, 'yata. Kai kuma Mai Guduma, me kake so mutumin ya duba a 1887? Rabon da ya gada daga Ehrenberg, masanin da ya gabace shi, har yau yana aiki: Spumellaria masu siffar ƙwallo, Nassellaria masu tsini a sama da buɗaɗɗen baki a ƙasa. Da ido aka gano wannan.

'Yar Lab: Allah ya ƙara wa Dakta lafiya, amma idon nan ne ya cusa Phaeodaria, wasu halittu masu kama da su, cikin radiolariya. Da aka duba DNA a farkon shekarun 2000, sai ga su can a wani rukuni, Cercozoa. Acantharia kuwa, da ƙwarangwal ɗinsu ma ba silika ba ne, su ne 'yan gida. Nasu na sitirontiyam salfet ne, yana narkewa bayan mutuwa, shi ya sa ba a tsintar su a dutse.

Mai Guduma: Yauwa! Ga wata kuma. Halittar tana ƙarama ƙwansonta biyu, ta girma ta ƙara na uku, tsarin Haeckel sai ya kai ta wani jinsi. Kamar a sake wa yaro suna don ya fito da gemu. Wanda ƙayarsa ta karye ma yana iya samun nasa sunan.

Dakta: Na yarda da matsalar matakan girma. Sai dai ku faɗa mini inda za ku samo DNA a halittar da ta mutu tun zamanin Kambiriyan, shekara sama da miliyan 500. Ƙwarangwal kaɗai ya rage mana. William Riedel da ya sake tsarin a 1967 bai watsar da siffa ba. Bin ta ya yi daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa a laka da aka haƙo daga ƙarƙashin teku, yana ganin yadda wannan ke rikiɗa ya zama wancan. Daga baya hankali ya koma kan tsinken da ke can cikin ƙwarangwal, wanda ake fara ginawa, domin shi bai cika sauyawa ba.

Ku dubi Japan ma. Bayan an koyi jiƙa cat (chert, wani dutse mai tauri na silika) a asid na haidirofulorik a fitar da ƙwarangwal ɗin radiolariya, a shekarun 1970, duwatsun da aka daɗe ana ɗauka na zamanin Paliyozoyik ne sai aka ga a zamanin Jurasik, wanda ya zo can daga baya, suka tattaru. Tarihin ƙasa guda ya sauya, kuma siffa ce ta yi aikin.

Auta: To Dakta ya ci ke nan?

Mai Guduma: Ina! Ƙanwata, Japan ta nuna siffa tana faɗin shekarun dutse. Wa ya haifi wa, wannan tambaya ce daban.

'Yar Lab: Tsinken cikin ma da sauran magana, Dakta. Da shi aka kafa rukunin Entactinaria, amma wasu masu rai da aka saka a ciki, DNA ya mayar da su wajen Spumellaria.

Dakta: Masu rai kika ce. Na Paliyozoyik fa, da me za ki gwada su?